Kwalbar da Aissa ta gani a firigo

Ƙanena Laouali mutum ne mai zurfin ciki, kuma shi ya ja masa. Ɗan maharbi ne, a bayan Tasawa muka tashi. Ya zo Greensboro, nan Amirka, ya kama tuƙin foklif, motar ɗaga kaya, a wani sito da ke titin Wendover, amma hankalinsa na daji. Wani Bature abokin aikinsa ya ba shi izinin farauta a gonar kawunsa, ya kuma koya masa dabarar mutanen nan: ka sami reshe mai sunkuyowa, ka share ganyen ƙarƙashinsa har ƙasa ta bayyana, ka zuba fitsarin barewa. Namijin barewa in ya sansana sai ya ɗauka wani ne ya shigo masa yanki, ya riƙa dawowa. A kanti ake sayar da fitsarin, cikin 'yar kwalba, wallahi.

To ina Laouali zai iya ce wa matarsa ya sayi najasa? Kunya ta hana shi. Ya naɗe kwalbar a baƙar leda ya tura ƙarshen firigo, bayan ruwan sanyi.

Matar, Aissa, ciki biyu ta yi suka zube, lokacin tana ɗauke da na uku. Ko tari ta yi gabanmu faɗuwa yake. Ita kuwa ga abin da take gani: miji ya daina shafa turare ranar Asabar, ya yi wanka da wani sabulu marar ƙamshi, ya sa safar hannu, ya fice bayan asuba. Sai ta ci karo da kwalbar. Ta buɗe, wari ya buge ta.

Ta kira ni tana kuka. "Yaya, me Laouali ke binnewa a daji?"

Na ce wane irin binnewa? Ashe wani mai taksi ya hango shi durƙushe gindin bishiya yana tona, kuma maganar ta riga ta zaga shagunan High Point Road. Wai da 'ya'yansa yake neman duniya. Kai, mutane! Mutumin da motarsa sai an tura take tashi?

Na same shi na zazzage shi tas. Ya kawo kwalbar, ya nuna wa Aissa hoton barewa a jikin kwalbar, ya rantse da Alƙur'ani. Ta ce boka ma ai a kwalba yake bayarwa. Ta kwashe kayanta ta dawo ɗakina, ta daina barci, ta daina cin abinci sosai. Ni ma tsoro ya kama ni, don in cikin nan ya zube, auren ya mutu, kuma ƙanena ba zai ƙara ɗaga kai a masallaci ba.

Ya zo ya tsaya bakin ƙofa. "Aissa, me kike so in yi?"

"Ka bari."

Ya bari. Ya mayar wa Baturen bindigar da ya ara masa, ya tuttular da kwalbar a gabanta. Muka zauna jiran watanni, kullum hannuna a waya.

Ta haifi mace, lafiyayya, aka sa mata Nadia. Ranar suna ina rabon shinkafa na ji wata tana ce wa ta kusa da ita, "Kin gani? Yana dainawa, ɗiya ta tsaya." Na juya in ci mutuncinta, sai na ga Aissa zaune a tsakaninsu, tana gyaɗa kai.