Motar Koriya a Bakin Tashar Magarya

Shekarun fari sun cinye shanun gidanmu, gyaɗa ma ta daina biyan wahalarta, sai na koma tuƙa kamiyon wani alhaji, babbar motar kaya. Wajen ƙarshen shekarun saba'in na tattara abin da na tara, na tsallaka Kano, na dawo da ƴar ƙaramar mota ƙirar Koriya. A lokacin duk mai jigila tsakanin Magarya da Dungas motar Faransa yake tuƙawa. Mutanenmu ko sunan Koriya ba su taɓa ji ba.

Sarkin tasha, dattijo ne abokin mahaifina, ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa jikinta da sanda.

"Ɗana, wannan gwangwanin madara ce. Ba zan sa ta a layi ba, rairayin Dungas zai haɗiye ta da mutanen ciki."

"Baba, ka taɓa shigarta?"

"Ba sai na shiga ba."

"To ni na shiga, daga Kano har nan, ko tari ba ta yi ba."

Direbobi suka bushe da dariya. Na ja motata na kafa ta a gindin wata bishiyar bedi, wajen tasha, ina kiran fasinja da bakina. Kwana huɗu babu wanda ya kalle ni. Ranar na biyar wasu mata uku masu sayar da ƙuli-ƙuli, waɗanda aka bari saboda yawan kayansu, suka ce in kai su kasuwar Guci. Na rage iskar tayoyi, muka ratsa rairayin. Muka isa kasuwar tun ba a gama shimfiɗa kaya ba. Su suka yi mini talla, gida-gida.

Wahalarta guda ce, babu kayan gyaranta ko a Damagaram. Da ƙarfen da ke ɗauke da tayar baya ya karye cikin damina, makanikai suka ƙi taɓawa, suna jiran in watsar da ita. Na ciro shi, na hau amalanke zuwa Bande wurin wani maƙeri. Ya auna, ya sara wani daga tsohon kamiyo, muka ɗaura. Bai sake karyewa ba.

Shekara shida ina bin hanyar nan da ita. Da na tashi sayarwa, ungozomar asibitin Dungas ce ta saya, ni kuma na koya mata tuƙi a filin ƙwallon lakwal, wato makarantar boko.