Auta Mai Ƙanƙara Ta Sayi Injin Walda

In ka shiga layin ka tambayi Auta, sai a ce wace Autar. Amma ka ce mai ƙanƙara, ko ɗan yaye zai nuna maka ƙofar. Ɗaki ɗaya gare ta a bayan gidan mijinta, da tankin ruwan gishiri mai sanyin tsiya, da dogayen gwangwanayen farin ƙarfe mara tsatsa da take cikawa da ruwa ta jera a ciki su daskare. Da wannan ɗakin ta sa 'ya'yanta a makaranta. Mace ce mai dariya da ƙarfi, tafin hannunta kullum jajir saboda sanyi, kuma ba a taɓa cin ta a gardama ba sai in ita ta gaji.

To, gwangwanayen nan sun tsufa. Haɗin gindinsu ya fara tsagewa, ruwan gishiri yana kutsawa ciki, ƙanƙara ta fito ruɓu-ruɓu, ta narke tun kafin a kai bakin titi. Mai kifi, wadda ke kwashe fiye da rabin abin da Auta ke yi, ta faɗa mata ba kwana-kwana.

"'Yar'uwa, ina son ki, amma kifina ba ya jiran zumunci. In wata ya ƙare ba ki gyara ba, zan nemi wani wuri."

Auta ta san in mai kifi ta tafi, kashe tanki kawai za ta yi. Abin ya tsaya mata a rai sosai.

Tana da wa mai walda, gwanin ƙyaure da tagogi. Ya gwada mata gwangwani ɗaya da injinsa na sanda, ya mayar da shi rariya. Mai waldar gas ɗin argon, wadda ake kira TIG, wadda ita ce ke iya ɗinke siririn ƙarfe, mutum ɗaya ne a can ƙarshen gari, shi kuwa in ka kai masa aiki sai ka manta kamannin kayanka kafin ya gama. Sai Auta ta ce za ta sayi injin ta koya da kanta.

Ranar da suka je shagon kayan walda, wan nata, da take kira Yaya, ya shiga gaba yana taku kamar shi zai biya. Bai tambayi komai ba. Ya kama hannun wani ƙaton inji na hannu, ya ɗaga, jijiyar wuyansa ta miƙe, ya sauke yana murmushi.

"Wannan ne, Auta. Ji nauyi. Tagulla ce zalla a ciki. Ki duba inda lambar wutarsa ta kai, wannan ko ƙarfen gada ya samu sai ya narkar."

Haka masu ƙyaure ke sayen inji tun kakanninsu: a ɗaga a ji nauyi, a duba lamba ta sama. Ya kuma ɗaga wani ƙarami da yatsa biyu, ya yi tsaki. "Wannan ai rediyo ce."

"Yaya, ni gada zan gina?" in ji Auta.

Ta buɗe jakarta ta fito da gutsuren gindin gwangwani, siriri kamar murfin tukunya, ta ajiye gaban mai shago. "Malam, abin da zan ɗinke ke nan. A gwada mini a kansa, in gani da idona."

Mai shago, wani mai sanyin magana, ya juya gutsuren a hannu. Ya ce a irin wannan aikin ba a tambayar inda wuta ta kai, inda take iya sauka ake tambaya. Ya haɗa ƙaton da tukunyar gas, ya murɗa wutar har ƙasa, ya miƙa wa Yaya. Taɓawa ɗaya, ƙarfen ya huje. Yaya ya ce hannunsa ne bai zauna ba, ya sake, ya ƙara wata hudar kusa da ta farko.

Aka haɗa ƙaramin. Shi maɓalli ake dannawa, wuta ta tashi da kanta ba sai tsinken da ke bakin abin waldar ya taɓa ƙarfe ba. Amma hannun da ya saba ƙyasta sanda tun yana saurayi ina zai ji wannan magana? Yaya ya ƙyasta, tsinken ya manne. Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya miƙa mata yana huci, ita ma ta manna nata, sai dariyar ta koma wajensa. Daga nan mai shago ya karɓa ya ja layi ɗaya siriri, sumul, babu tartsatsi.

Bai ɓoye mata aibin ƙaramin ba. Ba ya cin alminiyam, kuma in an daɗe ana aiki sai an bar shi ya huce. Auta ta ce ba ta da alminiyam, ita ma kuma tana son hutawa. Abin da ya kashe maganar shi ne, in ta ɗauki ƙaton, babu abin da zai rage na tukunyar gas da hular kare ido da wayar da ake narkarwa a ɗinki, inji kuwa ba gas ado ne kawai. Yaya ya rungumo rediyonsa zuwa mota yana gunaguni.

Koyon bai zo da sauƙi ba. Hannu ɗaya na riƙe wuta, ɗaya na tura waya, ita kuwa hannayenta kowanne da ra'ayinsa. Ta ƙona wuyan hannu, ta wasa tsinke har ta gaji, ta lalata gwangwanaye biyu da ba su yi mata laifin komai ba. Yaya kan leƙo da yamma wai ya zo gaida yara, sai a gan shi tsugune yana riƙe mata ƙarfe.

Wata na gab da ƙarewa ta cika gwangwanin farko da ta ɗinke, ta tsoma a tanki. Da safe ta zazzage shi. Ƙanƙara ta sulɓo garau, da ƙarfi, a gefenta kuma ga shatin ɗinkin Auta ya fito, karkatacce, gab-gab, duk inda hannunta ya yi rawa ya nuna. Ta lasa, babu gishiri. Daɗi ya kama ta har idonta ya cika.

Da mai kifi ta zo, Auta ta juya mata gefen shatin don ta gani. Matar ko kallo ba ta yi ba. Ta ƙwanƙwasa ƙanƙarar da zobenta, ta cicciɓa ta jefa a baho.

"Gobe ki ƙara mini," in ji ta. "Kuma makwabciyata ma tana so."