Ruwan Shibka Ranar Lahadi

Shekarar da babanmu ya rasu, gandunmu ya koma hannun yayana. Ƙauyenmu yana gefen Kore Mairuwa, gonar kuwa jigawa ce, rairayi zalla, irin ƙasar da za ta sha ruwa yau, gobe da azahar ka nemi laima ka rasa. Ni da matata kaɗai ne Kirista a gidan. A wurin cirani na ba da gaskiya, na dawo gida da abina. Yaya bai kore ni ba, bai kuma yi murna ba. Maganarsa kullum ita ce addinina na rani ne, a bari damina ta faɗi mu gani.

Kowace safiya ni da matata mukan karanta Littafi mu yi addu'a kafin a ɗora tukunya. Wannan bai dame shi ba, iyaka ya gitta ta ƙofar ɗaki ya yi gyaran murya. Lahadi ce ƙashin bayan rigimar. Majami'a tana cikin gari, sai na hau keke, kuma ba a tashi sujada sai rana ta yi tsaka.

To, ruwan farko da ya tashi sauka bai zaɓi rana ba sai Asabar da la'asar. Ruwa na gaske, har ya cika kwari. Gida ya ɗauki murna, ni kuwa ina tuna gobe Lahadi ce. A wurinmu shibka ba ta jiran kowa. Maza suna gaba da sungumi suna sara, mata suna biye suna zuba irin hatsi suna rufewa da diddige. Mu biyu ne masu sara a gidan. In ɗaya ya janye, rabin gona ya kwana ke nan.

Gari na wayewa na fito da wankakkiyar rigata, na tarar da shi tsakar gida riƙe da sungumi biyu. Ya miƙo mini nawa. Na ce masa sujada za ni, kafin azahar ina gona, in ya so in yi ta sara har duhu. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya tambaye ni ko ƙasa ta san Lahadi.

Inna ta fito ta shiga tsakani. Ta ce mini Allahn da zan je wa shi ya aiko da ruwan, ai ba zai riƙe ni da rana guda ba. Maganarta ta fi ta Yaya yi mini nauyi. Amma na san kaina, na kuma san damina. Bayan shibka sai noman fari, bayansa maimai, bayansa girbi, kowace Lahadi da uzurinta. In na ajiye sujada yau, sai bayan kaka. Ga shi kuma ni mutum ne mai taurin kai, wannan ko inna ba ta musu.

Matata ta ɗauki ƙwaryar iri ta tsaya cikin mata, don dai a ga hannun ɗakinmu a gonar. Na kama keke. Sai Yaya ya ce, a hankali: "In ka hita ƙofar ga, kai ka zaɓa."

Na fita.

Majami'ar ba kowa sosai, yawancin 'yan'uwa suna gona. Gaskiya ban ji wa'azin ba. Bakina yana waƙa, idona yana kan taga ina auna rana. Duk da haka na zauna har aka sa albarka.

Daga nan ban biya gida ba, gona na nufa. Sun yi aiki ba na wasa ba, yamma duka an shibke. Gabas kuwa ba a taɓa ba. Yaya ya ja layi da sungumi tun daga gindin gawo har bakin hanya, an kafa itace a kan iyakar. Na durƙusa na tona da yatsa, ƙasar ta riga ta yi fari.

"Daga nan zuwa hanya naka na," in ji shi. "Ka shibka ranar da ka ga dama."

Na ce, "Yaya, gandun baba za ka raba kan wuni guda?"

Ya saɓa sungumi ya wuce. Ni da matata muka yi ta binne iri cikin busasshen rairayi har rana ta faɗi, ba mu san ko zai tsiro ba.

Da magariba inna da kanta ta fito da tuwo. Tun da muka yi wayo, ni da yayana akushi ɗaya muke ci. Ranar ta ajiye guda gabansa, ta tako ta ajiye guda gabana, ta koma ɗaki ba ta kalli kowa ba.