Attahiru da Hanyar Ruwan Gidan Dahala

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Attahiru, wanda mutanen Gidan Dahala suka fi sani da Kansila, ko da yake sau ɗaya ya hau kujerar, kuma bai kai ƙarshen wa'adinsa ba. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Duk shekara sai in ce bana zan yi, sai in rasa ta inda zan fara, domin labarinsa ba ya faɗuwa sai an taɓa babban wanmu, Alhaji Ummaru, shi kuwa yana nan da ransa. Bana dai na nemi izininsa. Ya ce in rubuta abin da na gani, kada in ƙara, kada in rage.

Mu uku Inna ta haifa a gidanmu na Ƙofar Rini: Yaya Ummaru, Yaya Attahiru, sai ni Luba, auta. Mahaifinmu ɗan kasuwar hatsi ne, ya rasu muna ƙanana. Yaya Ummaru ya bar karatu ya riƙe sana'ar, shi ya ciyar da mu, shi ya tsaya Attahiru ya yi karatu har ya zama malamin firamare. Da Attahiru ya yi aure ya koma Gidan Dahala, lokacin unguwar ba ta cika ba. Da mutanen can suka matsa masa ya tsaya takarar kansila, motar Yaya Ummaru ce ta yi ta yawo da shi lungu-lungu. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya san irin abin da ke tsakaninsu kafin abin da ya faru.

Mutane da yawa ba su san aikin kansila ba, ni ma a gidansa na gani. Ba wani aiki ne mai ƙyalli ba. Kafin ya karya kumallo ƙofar gidansa ta cika. Wannan famfon layinsu ya lalace, wancan masu karɓar haraji sun kwashe masa tiren talla a bakin titi, wata tana son takardar shaidar zama 'yar ƙaramar hukuma don 'yarta ta shiga makaranta, wani maƙwabcinsa ya juyo masa ruwan wanka ƙofar gida. Ranar zaman majalisa kuwa ya sa farar shaddarsa ya hau babur zuwa sakatariya, su yini suna gardama kan motar kwashe shara da ta tsaya, ko rufin aji da iska ta yaye, ko inda za a mayar da masu sayar da itace. Yakan dawo muryarsa a dishe. Na taɓa tambayarsa me suka cimma yau, ya yi dariya ya ce, "Mun yanke shawara a sake zama."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ruwa. Akwai wani kwari a bayan layinsu wanda tun unguwar tana gonaki nan ruwan sama ke bi ya wuce. Da gari ya faɗaɗa, sai aka jera shaguna a bakin titi daidai inda ruwan ke fita, kuma ƙaramar hukumar ce da kanta ta ba da wuraren, da sunan na wucin gadi. Aka fara da rumfunan kwano, aka koma bulo da siminti. Ruwa ya rasa hanya, ya koma gidajen mutane. Ɗaya daga cikin shagunan, mafi girma ma, na Yaya Ummaru ne, inda yake ajiye gero da shinkafa.

A damina ta biyu da hawan Attahiru aka yi wani ruwa bayan azahar wanda bai tsaya ba sai la'asar sakaliya. Bangon ƙasa ya jiƙe ya faɗa kan ɗakin wata tsohuwa, Goggo Hajaru, mai sayar da daddawa, maƙwabciyar Attahiru. Da shi aka tono ta. Ta rayu, amma ƙugunta ya karye, ba ta sake takawa ba har ta koma ga Allah. A zaman majalisa na gaba ya kawo ƙudurin a buɗe hanyar ruwan, a gina babbar magudana, a rushe duk ginin da ya tare ta. An ja maganar wata da watanni, an tura wa kwamitin ayyuka, an dawo da ita, an sake turawa. A ƙarshe aka amince.

Matarsa ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ciyaman na lokacin ya kira shi ofis, ya ce injiniya zai iya karkata magudanar kaɗan ta kauce wa shagon Alhaji, ba wanda zai ce uffan. Attahiru ya tambaya, idan an karkata, kan wa za ta faɗa? Aka ce kan rumfunan wasu teloli biyu da ba sa cikin lissafi tun farko. Ya ce a bar ta inda ruwa ke bi.

Har yau ban ce ya yi kuskure a wannan ba. Inda nake ganin laifinsa, kuma na faɗa masa yana raye, shi ne bai je ya gaya wa yayansa da bakinsa ba. Ya yi ta ɗagawa, yau gobe, yana jin nauyi. Yaya Ummaru ya zo buɗe shago da safe ya tarar da jan fenti a bango, alamar za a rushe, yaran kasuwa suna kallonsa. A bakin wani mai shayi ya ji cewa ƙanensa ne ya kawo ƙudurin.

Inna ta aika aka kira su duka biyu, ni ma ina ɗakin. Yaya Ummaru bai ɗaga murya ba, da ya ɗaga ma da ya fi sauƙi.

Ya ce, "Inna, ba shagon ad damuwata ba. Hukuma ta ba ni wurin, hukuma ta amshe. Amma a ce yaron ga da nir riƙa, ga bakin mai shayi za ni jin labari?"

Attahiru kansa a ƙasa ya ce, "Yaya, na yi kuskure da ban zo ba. Kunya ta hana ni. Amma wallahi ko gidana na bisa hanyar ruwan ga, sai an rushe shi."

"To ai ba gidanka na ba," in ji Yaya Ummaru. Ya tashi ya sa takalmansa.

Inna ta ce su ji tsoron Allah, kada su kai ta kabari da wannan a zuciya. Suka ce to. Kuma sun cika, gwargwadon abin da suka iya: ba su taɓa ƙaurace wa juna ba. Suna gaisawa a masallaci, suna haɗuwa wurin suna da jana'iza. Sai dai tun suna samari duk Juma'a bayan an sauko tare suke cin tuwo a kwano ɗaya a zauren gidanmu. Daga wannan makon Inna ta koma zuba kwano biyu, wani lokaci ɗaya ya dawo ba a taɓa ba.

Katafila ta zo ta rushe shagunan. Yaya Ummaru ya kwashe hatsinsa ya kama haya can cikin kasuwa, inda babbar mota ba ta iya shiga, masu saye da yawa suka bar shi. Aka haƙa rami, aka kafa rodi, aka zuba kankare a kashi ɗaya na aikin. Attahiru yana can kullum cikin rana yana duba masu aiki kamar gidansa ake ginawa. Ana cikin haka aka wayi gari an sanar a rediyo cewa an rushe majalisun ƙananan hukumomi, an naɗa kantomomi. Ɗan kwangila ya janye kayansa ya ce sai an biya shi. Kantoma ya ce aikin ba na zamaninsa ba ne. Ramin ya zauna a buɗe, rodi ya yi tsatsa, leda da shara suka cika shi, awaki suna faɗawa.

Wannan ne abin da ya karya shi, ba rasa kujera ba. Ya koma aji yana koyarwa, amma bai daina zuwa sakatariya ba. Wanda a da yake shiga zauren majalisa ana miƙe masa, ya koma zama a benci a baranda tare da masu neman sa hannu, yana jiran a ce kantoma ya iso. Masinjoji suna ganinsa su ce, "Kansila, yau ma magudanar ce?" Ya ce ita ce. Kantoma ya tafi, aka yi zaɓe, sabon ciyaman ya zo ya yi masa alkawari, shi ma ya tafi. Wata rana Attahiru ya biyo ta gidana daga sakatariyar, ya sha ruwa. Can ya ce, "Luba, da an gama aikin ga, ko Yaya bai yahe min ba, na san abin da nis saya. Yanzu hwa? Na ɓata da ɗan'uwana, ruwa kuma na nan shina shiga gidajen mutane." 

Hawan jini ya daɗe yana damunsa. Ya faɗi a makaranta, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Inna ta riga ta rasu a lokacin. Ina zaune gefen gadonsa a asibiti sai ga Yaya Ummaru ya shigo, ba wanda ya aika masa. Ya karɓi kofin kunun da ke hannuna, ya zauna, ya tallafo kan Attahiru yana ba shi da cokali, yana goge masa baki da hannun rigarsa. Ya ce masa, "Kai dai taurin kai gare ka tun kana ƙarami. Sha." Attahiru yana sha hawaye na bin kuncinsa. Ba su yi maganar shago ba, ba halin yi ma. Yaya Ummaru bai sake kwana gida ba har Allah Ya karɓi ran Attahiru. Maza sun ce shi ya shiga kabarin ya karɓe shi.

Kwanakin baya na je sakatariyar karɓo wa jikata takarda. An yi sabon fenti, an sa sabuwar ƙofa mai kyau. Zauren majalisar a kulle yake, na leƙa ta taga na ga kujeru an kife su kan tebur. Wani ma'aikaci ya ce min kansiloli ba su cika zama ba yanzu sai ƙarshen wata. Na tsaya a barandar ina tunanin me Attahiru zai ce. Kullum rediyo na ta batun za a sakar wa ƙananan hukumomi mara su yi aikinsu da kansu. Na san da zai kasa kunne, da zai kira ni da zumuɗi ya ce wannan karon za a gama. Shi irin mutanen nan ne da ba sa koyon fid da rai. Ni kam na koya. Na ga ciyamomi da kantomomi sun zo sun wuce, kowa ya zo da fosta da alkawari, kuma bana ma da aka yi ruwan Agusta matan layin Goggo Hajaru da bokiti suka yi ta kwarfa daga ɗakunansu.

Abin da na fi jin tsoron ya gani, da yana raye, shi ne bakin titin nan. Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru aka cike ramin da ƙasa, aka sake raba wuraren, yawanci ga waɗanda suke da su tun farko. Shagunan sun dawo, sun fi na da kyau, wasu har da bene. Aka aika wa Yaya Ummaru cewa wurinsa na nan, ya zo ya gina. Duk wanda ya san halin da kasuwarsa ta shiga ya san yana bukata. 'Ya'yansa sun roƙe shi. Ya karɓi wurin don kada a bai wa wani, amma bai aza bulo ko ɗaya ba.

Da na je neman izinin rubutun nan na tambaye shi dalili, karon farko. Ya tsufa yanzu, ido ya yi rauni, yana zaune a zaure da carbi. Na ɗauka zai ce Attahiru ne mai gaskiya. Bai ce ba.

Ya ce, "Har gobe ban ji daɗin yadda yay yi min ba, Luba. Amma in na gina, to don mi anka rushe? Don mi munka yi shekarun ga? Ƙanena na. Ba ni barin a ce wahalar banza yas sha."

Ba a sa wa titi sunan Attahiru ba, ba magudanar da za a nuna a ce shi ya gina. Yaran da ke tasowa a Gidan Dahala ba su san an yi wani kansila mai wannan suna ba. Abin da ya rage nasa shi ne wani fili tsakanin shagon taya da kantin magani, wanda baƙo zai ɗauka mai shi ne ya rasa kuɗin gini. Duk farkon damina Yaya Ummaru yakan sa a kwashe sharar da ta taru a wurin. Filin bai isa ya ɗauke ruwan unguwa ba, ana dai shan wahala. Amma duk ruwan da ya samu fita daga layin nan, ta nan yake fita.

Allah Ya jiƙan Attahiru, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haɗa shi da Inna a gidan da ba a jiran kowa a baranda. Shi kuma Yaya Ummaru, Allah Ya ba shi ladan filin da ya bari.