Kuben Bahago

Labbo baduku ya tsufa a Parakou yana ɗinka wa maharba kube da kwari, kuma bai taɓa karɓar awo da baki ba, sai an bar masa wuƙar.

Shekara biyu da samun 'yancin ƙasar, wani maharbi mai suna Iliya ya zo daga Djougou, ya miƙa masa wuƙarsa da hannun dama. Labbo ya duba inda yatsu suka cinye ƙotar, ya ajiye wuƙar.

Da Iliya ya dawo, sai ya tarar da kuben bahago. Kunya ta kama shi, don tun yana yaro yake ɓoye hagunsa.

"Baba, wa ya gaya muku?"

"Wuƙarka. Bar wa gaisuwa hannun daman nan, ɗana. Ɓauna ba za ta jira ka sauya hannu ba."