Anasaran da Ya Durƙusa Kan Hatsinmu

A ƙauyenmu, can ƙasan dutse kusa da Tama, in sanyi ya shigo, ɗakin kakata Dije muke taruwa bayan tuwo. Takan hura wutar kara, ta miƙe ƙafafu, mu jikoki mu kewaye ta muna ture juna. Shekarun yaƙin Turawa ne, ni ko ban wuce bakwai ba. Kaka mace ce mai zargi. Ko kaza ta shigo gidanta sai ta tambayi wa ya aiko ta. Gizo da Ƙoƙi takan ba mu su da dariya, amma akwai labari guda da in za ta fara shi sai ta leƙa waje tukuna.

"Wagga ba tatsuniya ba ce," takan ce. "Wanda duk ya kai ta bakin rijiya, ni da shi."

Shekarar da ta biyo bayan wadda fara ta cinye gonaki, in ji ta, hatsi ya yi wuya, ga masu dawaki daga bariki suna bi gida gida suna kwashe rabon gwamnati. Kakana ya haƙa rami bayan ɗaki, ƙarƙashin aduwa, ya zuba abin da ya rage, ya rufe da itace da ƙasa. Shi ne abincin gidan har damina, shi ne kuma iri.

Ana haka sai jirgin sama na soja ya faɗo a fadama. Fulani masu kiwo suka ciro matuƙin, Anasara, kafaɗarsa a goce. Maigari ya rasa inda zai kai shi, ya ajiye shi gidanmu don kakana ne maɗori, aka aika bariki. Kakana ya ɗora kafaɗar, Kaka ta dama fura tana harararsa.

Mutumin ba shi da hayaniya. Kafin ya ci abinci yakan taɓa goshi da ƙirji, yana da carbi irin nasa, ran Juma'a aka yanka masa zakara ya ƙi ci. Yakan fito da hoton matarsa da 'ya'ya huɗu ya nuna wa kowa, yana faɗin sunayensu ɗaya ɗaya. Kaka ta ce ita duk wannan bai ruɗe ta ba, don mai neman abinka ya fi ka dabara.

Abin da ya tsinka mata zuciya shi ne, washegarin zuwansa da asuba ya zagaya bayan ɗaki, ya ɗaure kara biyu a gicciye, ya kafa su daidai kan ramin, ya durƙusa. Da magariba ma haka. Gidan nan da faɗinsa, bai ga wuri ba sai nan. Kakana ya ce salla ce irin tasu, inuwar aduwa kawai ya bi. Kaka ta ce alama ce yake sa wa masu dawaki. Ta tuge karan ta sa a murhu. Ya ɗaura wasu. Sau uku tana ƙonewa yana kafawa, ko fuska bai ɓata ba, rashin fushin nan kuwa ya fi komai ba ta tsoro. Kwashe hatsin ba dama, ɗakinsa na kallon wurin. Kwana goma sha ɗaya ba ta yi barcin kirki ba.

Ran na sha biyu da hantsi masu dawaki suka zo ɗaukarsa, su da tafinta. Da yake sun zo, sai suka ce bari su duba gidajen. Suna da sandunan ƙarfe da suke soka ƙasa, inda ƙarfen ya nutse su tona. Suka soke tsakar gida, suka soke turken awaki, suka nufo bayan ɗaki. A nan Kaka takan tsaya gyara wuta, mu kuwa kamar mu shaƙe ta don ƙosawa.

Anasaran ya tashi, ya riga su, ya durƙusa gaban karansa, ya fito da carbi. Ba lokacin sallarsa ba ne, ko sau ɗaya bai taɓa yi da rana ba. Ya daɗe har inuwa ta gushe daga kansa, gumi na zuba. Tafinta ya yi gyaran murya ya gaji. Wa zai ce wa hafsan soja Bature matsa in soka ƙarƙashin gwiwarka? Sai da dawaki suka fara tsalle don ƙishi, babbansu ya ce a hau, sannan Anasaran ya miƙe. Ya yi wa kakana godiya, ko kallon Kaka bai yi ba, suka tafi.

Mukan tambaye ta ko ya sani. Sai ta taɓe baki.

"Ni mi na sani? Ƙasa mai rami tana da amo, mai gwiwa shina ji. Amma ban yarda da shi ba hwa, har gobe."

Ba ta yarda ɗin ba kuwa. Ran nan ta sa kakana ya kwashe hatsin zuwa kogon dutse, ta yi wata guda tana jiran a dawo a tona. Ba wanda ya zo.

Da ina yarinya nakan ji haushinta, ina ganin butulci ne. Sai da na yi nawa 'ya'yan, na ga shekarar da rumbu ya ƙare tun bazara, na gane mai tsaron bakin yara ba ta da sararin yarda da baƙo. Na kuma gane mai 'ya'ya huɗu a wata ƙasa ya san abin da ake ɓoyewa bayan ɗaki. Har yau ban san gaskiyar zuciyarsa ba. Abin da na sani, uwata ce ta faɗa mini bayan rasuwar Kaka: hatsin nan shi ya kai ta damina, tana da cikina wata biyar. Ta ce kuma duk asuba, in Kaka ta idar da salla, takan yi ƙasa da murya don kada a ji, ta roƙi Allah ya mai da wanga mutum ga ɗiyanshi.