Sunaye Goma Sha Ɗaya a Aljihun Malam Manniru

Ƙarfe bakwai saura kwata motar Malam Manniru Wakili ke fitowa daga Gwarinpa. Yakan tsaya wurin mai jarida ya ɗauki ɗaya daga kowace, kafin masu shara su gama da ofis ya karance su tas, da jan biro a hannu. Shi ne shugaban sashen hulɗa da jama'a na wata hukumar tsaro a nan Abuja, farar hula a tsakiyar masu kaki. Duk abin da hukumar za ta faɗa wa duniya, ta hannunsa yake fita. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Ban taɓa rubutu don jama'a ba, in na yi tuntuɓe a yi mini afuwa. Abin da zan faɗa daga bakin mahaifiyata na ji shi, da na Madam Rosemary, mataimakiyarsa.

Malam yana da doka guda wadda ba a rubuce take ba: ba a kiran sunan mamaci a rediyo sai an je an gaya wa iyalinsa baki da baki.

Wata Talata da safe, fiye da shekara ashirin ke nan, babbar mota ta kife da sojoji arba'in a hanyarsu ta dawowa daga aiki. Goma sha ɗaya suka rasu. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa babu wanda ya yi rai, 'yan jarida sun cika ɗakin taro maƙil. Malam ya fito ya faɗi adadin, ya riƙe sunayen. Zuwa ƙarfe biyu an isar wa gidaje goma. Saura gidan Kofur Labaran. An je bariki an tarar da ƙofa a kulle, maƙwabta suka ce matarsa Hadijatu tana Zuba wurin yayanta mai sayar da lemo, tana jiran dawowar mijin. Waya kuwa a lokacin sai wane da wane. Hadijatu ita ce mahaifiyata.

Janar, shugaban hukumar, ya kira Malam.

"Manniru, ina sunayen? A labaran ƙarfe huɗu nake so a karanta su."

"Ranka ya daɗe, saura gida ɗaya."

"Gida ɗaya! Ga gidaje ashirin da tara 'ya'yansu na raye, suna can suna kuka a banza. Su ba mutane ba ne?"

Malam ya sunkuyar da kai, domin ya san maganar gaskiya ce. Ya ce, "A ba ni awa biyu."

"Ba shawara na nema ba. Matsalarku ke nan farar hula, ba ku san oda ba."

Ya koma ofis. Takardar sunayen ɗaya ce tak aka sa wa hannu, kuma in babu ita a hannu babu gidan rediyon da zai karanta komai. Ya ninke ta, ya zura a aljihun gaban rigarsa, ya ɗauki makullin mota. Madam Rosemary ta tare ƙofa.

"Oga, ina za ka kai ta? 'Yan jaridar nan za su cinye ni ɗanya fa!"

"Ki ce musu na tafi Zuba. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Huɗu saura minti goma ya isa kasuwar, bayan ya bar motar a cikin cunkoson tireloli ya ƙarasa da ƙafa. Rumfa rumfa yake tambayar Abdulhakim mai lemo, wanda ƙanwarsa ke auren soja. Da ya same shi, mutumin ya dubi ƙafarsa ya kwashe da dariya.

"Kai, Alhaji! Da takalmin ofis a cikin caɓin nan? Zo ka zauna, ga na Binuwai, ko ba ka saya ba ka ɗanɗana."

Rediyo na rataye a jikin rumfar tana ta magana. Malam ya ce, "Don Allah ɗan kashe ta." Dariyar ta tsaya.

Tare suka shiga gidan da ke bayan kasuwa. Mahaifiyata na tsince shinkafa a tsakar gida. Malam ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna nesa kaɗan. Mutumin da ya saba tsayawa gaban kyamarori, sai da ya buɗe baki sau biyu kafin magana ta fito.

"Baiwar Allah, sunana Manniru, daga wurin aikin Labaran nake. Sai haƙuri. Allah ya yi masa rasuwa yau da safe."

Ta yi salati, ta ajiye faifan a hankali. Ba ta yi kuka ba. Can ta ce, "Malam, ya karya kafin su taso? Ba ya son tafiya da yunwa."

Da ya ce mata e, wa zai ƙaryata shi? Amma ya ce, "Ban sani ba. Zan tambaya."

Sai a labaran ƙarfe bakwai aka karanta sunayen. Washegari takardar tuhuma na jiran sa a kan tebur, kuma sau biyu ƙarin girma ya zo ya tsallake shi. Madam Rosemary ta ce bai taɓa ƙorafi a kan wannan ba. Abin da ke cin sa shi ne awa ukun da waɗancan gidaje suka ƙara cikin fargaba. Har yau ba ya cewa ya yi daidai, sai dai ya ce abin da ya iya ke nan.

Ranar Juma'a sai ga shi ya dawo Zuba. Ashe asibiti ya je, ya bi waɗanda suka tsira gado gado, har ya kai ga wani Saja Zacharias.

"Ya karya," in ji Malam. "Shayi da burodi. Ƙosansa ma raba shi suka yi da Saja."

Nan mahaifiyata ta fashe da kukan da ta riƙe kwana uku.

Malam, kai ne bakin hukuma da bai manta akwai kunnen da zai ji ba. Kai ne ka ɗauki tambayar matar kofur da nauyin da ake ɗaukar tambayar minista. Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya jiƙan goma sha ɗayan nan.

Ku kuma da za ku gaji teburinsa, ranar da aka miƙo muku jerin sunaye aka ce ku yi sauri, ku tambaya tukuna ko an je gidajen.